Kwano Shida da Buhun Gyaɗa Ɗaya

Ranar wata Laraba ina zaune a kan bencina na bakin kasuwar Ƙaraye, samari biyu suka zo suka gaishe ni suka zauna. Dukansu sun fara taɓa dillancin gidaje, irin na zamani da ake yi da waya. Ɗaya daga cikinsu ya dubi tsohuwar jakata ya yi dariya.

"Baba Haladu, wai har yanzu da wannan jakar kake yawo? Ai sana'ar ta koma cikin waya. Ka ɗauki hoton gida ka tura, mai so ya kira ka, ka karɓi la'adarka. Shi ke nan."

Na ce, "Madalla. To, ka saka mutum a gida. Ranar da mai gida ya ce yana son gidansa, ɗan haya ya ce babu inda za shi, me za ka tura a wayar?"

"Sai a sa wa ƙofar sabon kwaɗo."

Ɗayan ya ce, "Ko a kira kafinta ya ɗaye kwano biyu. Da kansa zai kwashe kayansa."

Ban yi musu faɗa ba, domin ni ma na taɓa ba da wannan amsar, kuma ni ban tsaya a baki ba, sai da na aikata. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don su da ire-irensu. Karatuna bai wuce firamare ba, sai allo. Ni ba lauya ba ne. Abin da zan faɗa a bencin kotu da ƙofar gidajen mutane na koye shi.

A Kwanyawa aka haife ni, noma na tashi ina yi. Marigayi Malam Shu'aibu dillali ne ya ɗauke ni, don ya ga rubutuna yana karantuwa. Jakar da ake yi wa dariya tasa ce. A cikinta akwai littafi mai kauri, da biro biyu, da baƙar takardar nan da ake sawa a tsakani don rubutu ya fita biyu, da tawadar dangwala yatsa, da igiyar awo, da tocila. Akwai kuma zoben makullai, kowane makulli da ɗan ƙyallen da aka ɗaura masa, don ba a rubuta sunan gida a jikin makulli. In ya faɗi a hanya, wanda ya tsinta bai san ƙofar da zai buɗe ba.

Aikin farko da ya tafi da ni, wani malamin makaranta ne aka turo Ƙaraye yana neman ciki da falo. Ni a zatona za mu nuna masa ɗaki mu dawo. Malam Shu'aibu ya sa na rufe ƙofa da taga da rana tsaka, muka tsaya cikin duhu muna duban sama, duk inda haske ya ɓullo a kwano ya ce in ƙirga. Ya sa na ɗebo ruwa bokiti guda na sheƙa a tsakar gida, muka bi ruwan da ido har ya fita ta kwata. Sannan ya zaunar da mai gida da malamin a tabarma ɗaya, ya yi musu tambaya uku. Hayar ta wata ce ko ta shekara? Wace rana ta fara? Su wa suka shaida? Ya rubuta, kowa ya sa hannu, kowa ya tafi da tasa takardar. A hanya na ce, "Malam, duk wannan a kan ciki da falo?" Ya ce, "Yau kowa dariya yake yi, shi ya sa ake rubutawa yau. Ranar fita babu mai dariya."

Shekara tara ina bayansa. Na ga masu gida iri-iri: Bafulatanin da ya sayar da shanu ya gina gida a gari ya koma ruga, sai kaka ya leƙo, magada goma sha a kan gida ɗaya, kowa yana cewa shi ne mai magana, matan da mazansu suka rasu suka bar musu ɗaki biyu. A duk shekarun nan ban taɓa ganin Malam Shu'aibu ya taɓa ƙofar ɗan haya ba. Na ɗauka sanyin hali ne. Da ya rasu jakar ta dawo hannuna, na ce ni zan nuna wa mutane aiki da zafi.

Aikin da ya kayar da ni na wani Alhaji ne, ba zan faɗi sunansa ba, ya riga mu gidan gaskiya. Ya sayi wani gida a Ƙaraye yana so ya rushe ya yi shaguna. A ɗakin waje na gidan akwai Isiyaku tela, nan yake ɗinki. Hayarsa ta shekara ce, kuma da sauran wata biyar a cikin wadda ya biya tsohon mai gidan. Na je na ce ya tashi. Ya ce, "Malam Haladu, ɗinkin mutane ne cike da ɗakin nan, har da lefe biyu. Ku bar ni in sallami mutane, in nemi wani wuri." Na kai wa Alhaji. Ya ce, "Haladu, in ba za ka iya ba ka faɗa mini. Akwai masu iyawa."

Na bari sai ranar da Isiyaku ya kulle ɗaki ya tafi ta'aziyya ƙauye. Na ɗauko kafinta, muka jingina tsani, ya ɗaye kwano shida. Ni na riƙe tsanin. Ƙarshen bazara ne, sama tas. Amma ni ɗan manoma ne, na ji irin zafin ranar, na san abin da yake kawowa. Na ce wa kaina ruwan sai jibi. Bayan la'asar hadari ya taso daga gabas, aka yi ruwan farko na shekarar, mai ƙarfi. Maƙwabta suka fito suna so su ceci kayan, ga kwaɗo a ƙofa. Kafin a samo abin ɓalle shi ruwa ya gama aikinsa. Shaddodi da atamfofi suka zuba a jikin juna, jar ƙasar bango ta narke a kansu, keken ɗinki ya sha ruwa.

Da Isiyaku ya dawo, ya tsaya a ƙofa ya dubi sama ta cikin ɗakinsa. Ya juyo ya ce, "Malam Haladu, kai ne?" Na ce, "Ni ne." Washegari ya tafi kotu.

A gaban alƙali Alhaji ya ce, "Ranka ya daɗe, ni cewa na yi ya yi masa magana. Ban aike shi kan rufi ba." Alƙali ya juyo kaina. Ina takardar da mai gida ya wakilta ka? Babu. Ina notis da aka ba ɗan haya? Babu. Ina umarnin kotu? Babu. Ya ce, "To da izinin wa ka hau?" Na kwana biyu a tsare. Na sayar da babur ɗina da gonar da na gada a Kwanyawa aka biya kayan mutane. Amma wanda aka ɓata wa lefe ba ya komawa wurin telan, ko da an biya shi. Isiyaku ya rasa masu kawo masa ɗinki, ya ɗaure kekensa ya koma Rogo. Laifin nan nawa ne. Ba na Alhaji ba ne, ba na kafinta ba, ba na hadari ba.

Shekarar nan babu wanda ya ba ni makulli. Masu gidan da nake riƙe wa suka zo ɗaya bayan ɗaya suka karɓi nasu, har zoben ya koma fayau. Da na rasa abin yi, sai na riƙa zuwa kotu ina zama a bencin baya, duk ranar da ake shari'ar haya. In an tashi in bi magatakarda da tambaya har ya gaji da ni. A nan na gane cewa abin da Malam Shu'aibu yake yi ba sanyin hali ba ne, hanya ce, kuma tana da matakai.

Ga yadda na koye ta. Da farko sulhu: ka je da kanka, in ya ƙi ka je da mai unguwa ko limami. Mafi yawan rigimar haya a tabarmar mai unguwa take mutuwa. In ba ta mutu ba, sai notis a rubuce. In akwai yarjejeniya, abin da aka rubuta a ciki shi ake bi. In babu, ana duba irin hayar: mai biya wata-wata a ba shi wata guda, mai biya shekara-shekara a ba shi wata shida. Dillali ba ya rubuta notis da gaban kansa, sai mai gida ya wakilta shi a takarda. Ka miƙa hannu da hannu a gaban shaida, ka riƙe kwafi. In wa'adi ya cika bai fita ba, ba a gama ba. Sai a ba shi takarda ta biyu, ta kwana bakwai, cewa mai gida zai je kotu neman gidansa. In kwana bakwai sun cika, a shigar da ƙara, a kai masa sammaci, alƙali ya ji kowa. In hukunci ya ba mai gida, alƙali ne zai sa ranar fita, in ranar ta wuce ma'aikatan kotu ne za su fitar da shi. Ba kai ba, ba ɗan mai gida ba, ba samarin unguwa ba. Ofishin 'yan sanda ma ba wurin korar ɗan haya ba ne. Cire ƙofa, sauya kwaɗo, yanke wuta, kulle makewayi, ɗaye kwano, duk wanda ka yi ka mayar da mai gaskiya mai laifi. Kuma in gidan babba ne ko maganar ta cuɗe, a nemi lauya ya duba takardun, don kuskuren kwanan wata ɗaya yana mayar da mutum farko.

A hankali makullai suka dawo. Na yi shekaru ina bin wannan hanya tsakanin Ƙaraye da Rogo, kuma ba a taɓa yi mini watsi da takarda a kotu ba. Amma aikin da nake so ku ji shi ne na Hajiya Asabe.

Mijinta ya rasu ya bar mata gida ɗaya a Rogo, kusa da kasuwa, ita da 'ya'yanta. Tun yana da rai ya ba wani ɗan kasuwar hatsi haya, Alhaji Lawandi, daga kaka zuwa kaka. Gidan da suke zaune kuwa na gandu ne, da aka raba gado ya faɗa hannun wasu. Hajiya ta koma Beli, ɗaki ɗaya a gidan yayanta, ita da 'yan mata uku, kayan ɗakinta a jibge a zaure. Ba ta da wani wurin da za ta kira nata sai gidan nan na Rogo. Alhaji Lawandi ba ya wasa da biyan haya, wannan kam gaskiya ne. Amma ɗaki uku ya cika da buhuna, ga kasuwa a bakin ƙofa. Da ta nemi ya tashi ya ba ta gidanta, ya ce shi da marigayi suka yi magana, ba da mace ba.

Babban ɗanta Sunusi, direba ne, shi ya zo ya same ni. Mun je da mai unguwa sau biyu. Alhaji Lawandi ya shimfiɗa mana darduma, ya kawo fura, ya ce, "In sha Allahu za a duba." Da muka fito Sunusi ya ce, "Baba, ka bar ni da shi. Ina da abokai. Kwano huɗu kawai, wallahi kafin Juma'a ya kwashe."

Na ce, "Zauna." Muka zauna a dakalin masallaci na ba shi labarin kwano shida, ban rage komai ba. Na ce, "Yanzu gidan na mahaifiyarka ne, gaskiya tata ce. Ranar da ka hau rufin nan, hatsin mutumin ya jiƙe, gidan za a sayar a biya shi."

"To wata nawa za mu jira?"

"Shida. Da kwana bakwai. Da abin da kotu ta ɗauka."

"Hajiya tana kwana da tukwane a kanta, kai kana ƙirga watanni!"

Na ce, "Ina ƙirgawa."

Hajiya da magada suka dangwala mini takardar wakilci. Na ƙirga baya daga ranar da shekarar haya take cika, na kai notis a farkon damina, mai unguwa yana tsaye. Alhaji Lawandi ya karɓa da hannu biyu, ya ninke, ya sa a aljihu yana murmushi. Wannan murmushin bai kwanta mini ba. Na buɗe tsohuwar takardar da suka yi da marigayi, na ga duk shekara kafin ya kawo kuɗi yakan fara aiko da buhun gyaɗa, a rubuta shi a cikin haya. Na hau babur na tafi Beli na ce, "Hajiya, daga yau kada ki karɓi komai daga hannunsa da sunan haya." Ta ce to. Kuskurena shi ne na ce da sunan haya.

Kaka ta yi, saura kwana tara wa'adi ya cika, Sunusi ya kira ni yana dariya. "Baba, mutumin ya sauko. Har buhun gyaɗa ya aiko wa Hajiya, wai gaisuwa." Ban gama jin maganar ba na tayar da babur.

Na tarar da buhun a zaure, an farke bakinsa. Bayan mun gaisa na tambayi yara da jiki, na ce, "Hajiya, wa ya kawo wannan?"

"Mai kurar dakon kaya ne. Ya ce Alhaji yana gaishe ni, a yi wa yara ƙuli."

"An taɓa?"

"Na aika wa maƙwabta mudu-mudu. Ai ba a shigo da abu gida a ci a ɓoye ba."

Na ce, "Hajiya, buhun nan ba gaisuwa ba ne. In muka je kotu zai ce kin karɓi somin hayar sabuwar shekara kamar yadda marigayi yake karɓa, ga tsohuwar takarda, ga mai kura shaida. Ko alƙali ya yarda ko bai yarda ba, ya sami abin ja. In ya yarda, mun koma farko. Dole a mayar."

Ta ja mayafi ta rufe baki. "A mayar da kyauta? Malam Haladu, a gidanmu ba a taɓa yi ba. Me za a ce da ni a garin nan? A ce 'yar gidan malamai ta mayar wa mutum alherinsa?"

"Za a faɗa, Hajiya. Sati biyu za a yi ana faɗa. In kin riƙe kuma, wata damina a ɗakin nan za ta same ki."

Ta dubi kayanta da ke jibge a gefen zauren, gadon ƙarfe a kwance, kwalla a kife. Can ta ce, "Mudu shida na rabar. Ba zan aika a karɓo daga maƙwabta ba, ko gidan zai tafi."

Yayanta da ke zaune a ƙofa ya tashi ya shiga rumbunsa ya auno mudu shida. Muka cika buhun, na ɗinke bakinsa da basilla. Na rubuta takarda cewa an kawo buhu ranar kaza da sunan gaisuwa, an buɗe an ɗebi mudu shida, an mayar da mudu shida, kuma mai gida ba ta karɓe shi a matsayin haya ba. Sunusi ya ce, "Baba, me ya sa za ka rubuta an buɗe? Wa ya sani?" Na ce, "Mai kura ya ga ɗinkin farko. Ƙarya ɗaya a takarda tana cinye gaskiyar da ke cikinta duka."

Muka ɗaure buhun a bayan babur sai Rogo. Sai dai mayarwa ba ta da amfani in babu shaida, ga shi mai unguwa ya yi tafiya. Na bi 'yan layin ɗaya bayan ɗaya. Mai shayi ya ce wuta yake hurawa. Mai awo ya ce shi bai iya sa hannu ba, na nuna masa tawada, ya ce yatsansa da ciwo. Kowa a layin nan da Alhaji Lawandi yake ciniki, babu mai son ɓata da shi a kan wata mata ta Beli. Sunusi kuwa ɗa ne, shaidarsa ba ta da nauyi.

Shago ɗaya ya rage, yana kallon ƙofar gidan. Na san shagon. Shekara ashirin da wani abu ina zuwa Rogo, in na zo daidai nan sai in tsallaka ɗaya gefen titin. Na biya kayan da na ɓata, amma ban taɓa zuwa na tsaya a gabansa na ba shi haƙuri ba. Na ce wa Sunusi ya riƙe babur.

Na yi sallama. Isiyaku tela ya ɗago, gemunsa ya yi fari, tabarau a kan hanci. Ya amsa, ya ci gaba da taka keke. Na tsuguna a bakin ƙofa, na gaishe shi, na tambayi iyali. Sannan na ce, "Malam Isiyaku, abu biyu ne ya kawo ni. Na farko ya yi shekara ashirin da ya kamata in kawo shi. Na zalunce ka. Ka yafe mini."

Ya tsayar da keken. Ya leƙa bayana ya dubi babur da buhu.

"Yau ba ka zo da kafinta ba?"

"Da takarda na zo."

"Na biyun fa?"

Na gaya masa komai. Na ce, "In ka ƙi, ba ka yi laifi ba. Kuma ko ka ƙi na biyun, na farkon yana nan."

Ya karɓi takardar ya karanta a hankali, yana bin layi da yatsa. Ya ce, "Wata nawa kuka ba shi?"

"Shida."

"Shida." Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Ni wata biyar ɗina ne a ciki, da kuɗina, ba ka bar ni na ci ko ɗaya ba." Ya zura takalmi ya ce, "Mu je. Ba don kai ba. Don an bi hanya."

Alhaji Lawandi yana zaune a ƙofa a kan buhuna. Muka sauke buhun a gabansa. Ya ce, "Haba Malam Haladu! Kyauta ce fa. Yanzu har an kai ga haka?"

Na ce, "Hajiya ta gode, Alhaji, ta ce Allah ya ƙara arziki. In ka fita lafiya ka aiko mata da goma, za ta karɓa har ta yi maka ƙuli."

Ya ƙi sa hannu. Isiyaku ya sa nasa, ya rubuta rana da lokaci, ya ƙara da cewa a gabansa aka ajiye buhun kuma mai shi ya ƙi sa hannu.

Wa'adi ya cika, na kai takardar kwana bakwai, Isiyaku ya sake shaida. Muka shigar da ƙara. Kamar yadda na zata, Alhaji Lawandi ya tashi ya ce an karɓi somin haya, ga tsohuwar takarda, ga mai kura. Alƙali ya dube ni. Wannan karon duk abin da ya tambaya akwai shi a jaka: wakilci, notis, takardar kwana bakwai, takardar buhu. Aka kira Isiyaku, ya rufe shagonsa ranar kasuwa ya zo ya faɗi abin da ya gani, bai ƙara ba bai rage ba. Alƙali ya tambayi mai kura me aka ce ya faɗa da ya kai buhun. Ya ce, "Ranka ya daɗe, cewa aka yi in ce gaisuwa ce." Aka ba Alhaji Lawandi kwana talatin.

Bai jira ma'aikatan kotu ba. Ana saura kwana huɗu ya kawo motoci ya kwashe hatsinsa, ko ƙwaya ba ta jiƙe ba. Ya miƙo mini makullai da kansa, muka zaga ɗaki-ɗaki, na rufe ƙofa da taga na duba sama. Kwano lafiya lau. Har yau in mun haɗu muna gaisawa, bara ma ni na samo masa wani wurin ajiya.

Ranar da Hajiya ta tare, Sunusi ya kawo kayan a motarsa, gadon ƙarfe a sama. Wata tara ke nan daga ranar da ya ce kafin Juma'a. Yana sauke kaya ya ce, "Baba, da ka bar ni da tuni an manta." Hajiya ta ce daga cikin gida, "Da tuni kana gidan yari, ni ina kai maka tuwo. Sauke mini kwallata a hankali."

Da na gama na tsallaka titi, wannan karon zuwa shagon. Na ce, "Malam Isiyaku, maganar farko ba ka ba ni amsa ba." Ya dube ni sama da ƙasa, ya dubi rigata da ta ɓarke a aljihu saboda nauyin makullai.

"Wa ya ɗinka maka wannan?"

"Wani yaro a Ƙaraye."

"Bai iya ba." Ya jawo tef daga wuyansa. "Miƙe hannunka. Na yafe tun ranar da ka tsuguna. Amma kuɗin ɗinki ba ragi."

Rigar da samarin nan suka gan ni da ita ranar Laraba ita ce. Aljihunta biyu ne, ya ninka musu ɗinki, ɗaya na makullai ɗaya na takarda.